Haƙorin ɓera da fiffiken buzuzu: tambayoyi da amsoshi kan yadda ake gano yanayin zamanin ƙanƙara

In aka ambaci zamanin ƙanƙara, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne wata ƙatuwar giwa mai gashi buzu-buzu da lanƙwasassun haure. Ita ake zanawa a bangon littafi, ita ake kafawa a ƙofar gidan tarihi. Amma je ka tambayi masu aikin wace halitta ce ta fi ba su labarin zafi da sanyin wancan lokaci. Za su buɗe wata 'yar kwalba, su zazzage maka haƙoran ɓera da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan aiki.

Wane lokaci ne ake kira zamanin ƙanƙara?

Masana tarihin ƙasa suna ce masa Pilaistosin. Ya fara wajen shekaru miliyan 2.6 da suka wuce, ya ƙare shekaru 11,700 baya. Sunan yana ɗan yaudara, domin sanyin bai zauna daram tun farko har ƙarshe ba. Yakan zo ya daɗe, ɗumi ya biyo baya na ɗan lokaci, sanyi ya sake dawowa, haka aka yi ta yi sau da dama. A wani zango na ɗumi, wajen shekaru 125,000 baya, dorina tana wanka a kogin Thames. An haƙo ƙasusuwanta a ƙarƙashin dandalin Trafalgar da ke tsakiyar Landan.

Sanyi na ƙarshe ya kai maƙura wajen shekaru 21,000 baya. Ƙanƙara ta lulluɓe Kanada da arewacin Amurka da ƙasashen Sikandinebiya da mafi yawan Birtaniya, kaurinta a wasu wurare ya kai kilomita 3. Ruwan da ya daskare a tudu daga teku ya fito, saboda haka teku ya sauka da kimanin mita 120, har ana iya takawa da ƙafa daga Faransa zuwa Ingila. Matsakaicin zafin duniya ya yi ƙasa da na zamaninmu da wajen digiri 6 a ma'aunin Salshiyas. Wannan lissafi na duniya ne gaba ɗaya. Abin da ƙananan halittu ke bayarwa shi ne labarin wuri guda: wannan fadama, wannan bakin kogo, a wannan ƙarni.

Ga giwaye da karkanda, me ya kai masana ga ɓeraye da ƙwari?

Da ɗan gari akan ci gari. Babbar dabba matafiyiya ce. Tana iya cin ciyawa a nan da bazara, hunturu ya same ta kilomita ɗari daga nan, kuma girman jikinta yana sa ta jure zafi da sanyi iri-iri. In ka sami ƙashinta, ka san ta bi ta wurin, shi ke nan. Ɓera kuwa a fili da bai fi gona guda ba ake haifarsa, a nan yake ci, a nan yake mutuwa, yawanci kafin ya shekara biyu. Kuma yana da zaɓe: wani sai ciyawa mai danshi, wani sai daji mai inuwa, wani sai busasshen fili. Akwai wani ɗan ɓera da ake kira lemin, Dicrostonyx a sunan kimiyya, wanda yau sai a ƙarshen arewacin duniya ake samunsa, inda bishiya ba ta fitowa. Da hunturu gashinsa yakan koma fari, faratansa su yi kauri don tonon dusar ƙanƙara. An sami haƙoransa a kogunan dutse na Ingila da Beljiyam da Faransa. Ba sai an yi dogon bayani ba.

Masu sanyin jini sun ma fi ɓera faɗin gaskiya. Kwaɗo da ƙadangare da ƙwaro ba su da murhu a jikinsu, zafin waje shi ne nasu. Kififiyar tafki ta Turai tana binne ƙwanta a ƙasa ne rana ta ƙyanƙyashe mata. In bazara ba ta yi zafi sosai ba, ƙwan ya lalace. Yau ba ta hayayyafa a Birtaniya, amma an sami ƙoƙon bayanta a can a cikin ƙasar lokutan ɗumi na da.

Sai kuma yawa. Ƙashin giwa ɗaya labari ne. Haƙora dubu biyar daga hawa goma na ƙasa lissafi ne, ana iya cewa a wannan hawa mazauna daji sun ragu, mazauna fili sun ƙaru.

Ta yaya ƙasusuwan dubban ɓeraye suka taru a kogo ɗaya? Annoba ce ta faɗa musu?

Mujiya ce. A wurinmu ba ta da farin jini, wanda jama'a suka juya wa baya ma akan ce ya zama mujiya. Masu wannan ilimi kuwa ba su da ma'aikaciya kamarta, ta yi musu aikin tattara samfuri na dubban shekaru ba ko sisin kwabo.

Mujiya ba ta da haƙori. Ƙaramin ɓera haɗiye shi take ɗungurungum. Nama ya narke a ciki, gashi da ƙashi su cure wuri guda, bayan wasu awoyi ta amayo curin, ɗaya ko biyu a yini. Kuma tsuntsuwa ce mai riƙe makwanci. In ta sami lungu a bakin kogo, nan za ta zauna, in ta mutu wata ta gaje ta. Curin yana zuba a ƙasa, gashi ya ruɓe, ƙashi ya rage, ƙura da laka su rufe shi, wani ya sake zuba a kai. In kogon na farar ƙasa ne, ƙashi ba ya narkewa, domin ƙasar ba ta da tsami. Da haka ake samun tarin ƙasa hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama, kowane hawa ɗauke da jerin abin da ke yawo da dare a 'yan kilomitocin da ke kewaye da kogon a lokacin.

Akwai wasu hanyoyin: ramin dutse da dabbobi ke afkawa su kasa fita, kashin dila da yanyawa, ruwan da ke kwaso ƙasusuwa ya jibge su a lungu. Amma mujiya ce kan gaba nesa ba kusa ba.

To ashe abincin mujiya ake karantawa, ba yanayi ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma duk rahoton da ya tsallake ta ni ban cika yarda da shi ba. Haƙoran shaidu ne, amma wani ne ya zaɓo su ya kawo gaban alƙali. Mujiya da dare take farauta, saboda haka masu yawon rana kaɗan ne a cikinta. Ba ta ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta. Wata a buɗaɗɗen fili take farauta ko da daji na kusa, sai tarin ya nuna kamar babu bishiya a yankin. In wata irin mujiya ta bar kogo wata iri ta shigo, jerin ɓerayen zai sauya alhali ko ɗigon ruwan sama bai canja ba.

Tunanin bincikar wanda ya tara ƙashi tsoho ne. A 1821 aka gano kogon Kirkdale a arewacin Ingila cike da ƙasusuwa, William Buckland na jami'ar Oxford ya duba yadda aka gwaguye su, ya kwatanta da ƙashin da wata kura mai rai ta tauna, ya ce wannan ramin kuraye ne. Wanda ya yi wa ƙananan ƙasusuwa irin wannan aiki a tsanake shi ne Peter Andrews na gidan tarihin halittu da ke Landan, a littafinsa na 1990. Ya tattara aman tsuntsaye da kashin namun daji na yau, ya duba yadda ruwan cikin kowanne ke cin haƙori, ya kasa mafarauta gida 5. Farar mujiyar nan mai kwana a rufin gini tana gida na farko, haƙori yakan fito daga cikinta kusan lafiya lau. Wasu shahuna da masu cin nama irin su yanyawa suna can ƙarshe, sukan bar haƙori a zaizaye, ƙashi a farfashe. Da wannan ma'auni ya karanta tarin kogon Westbury da ke Somerset a Ingila hawa bayan hawa. Yau mai bincike na ƙwarai sai ya fara sanin wa ya kawo ƙasusuwan, ya san halin cinsa, sannan ya buɗe baki a kan yanayi.

Yaya ake fitar da abu ƙarami haka daga ƙasa?

Da rariya da ruwa da haƙuri. Ana kwasar ƙasar kowane hawa a buhunta daban, a rubuta inda ta fito, a jiƙa, a wanke ta cikin rariya mai ƙananan idanu, yawanci rabin milimita. A Atapuerca da ke kusa da Burgos a Sifaniya, inda wata tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ta tsaga dutse ta bayyana koguna cike da ƙasa, kowace bazara ana kai tan-tan na ƙasa bakin kogin Arlanzón a wanke. Abin da ya rage a shanya, sannan wani ya zauna gaban madubin ƙara girma da ɗan hantsaki yana tsinta ɗaya bayan ɗaya. Wankin mako guda yana iya zama tsintar wata da watanni.

Ƙwari dabararsu daban ce, kuma kowace uwargida za ta gane kayan aikin. Ana samunsu a laka da ruɓaɓɓen ganye da ruwa ya rufe tun da can, inda iska ba ta shiga. A wanke lakar, a tsane, a cuɗa ta da kananzir, sannan a zuba ruwan sanyi. Kananzir yana manne wa ɓawon ƙwaro, ba ya kama ganye da yashi sosai, sai ya taso da kawuna da fikafikai saman ruwa a kwashe. Wani fiffiken yakan fito da ƙyallinsa kore ko shuɗi kamar jiya ya mutu.

Da gaske daga haƙori ɗaya ake gane irin ɓera?

A dangin ɓerayen ciyawa na Turai da arewacin Asiya, e. Haƙorin tauna na farko a muƙamuƙin ƙasa yana da zane a samansa, ƙananan kusurwoyi a jere hagu da dama, kowane jinsi da nasa adadi da fasali. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta.

Waɗannan haƙora har agogo suka zama. Kakan ɓeran ruwa na Turai, Mimomys savini, haƙoransa na tauna suna da saiwa, in sun gama girma sun gama. Tsakanin shekaru 600,000 da 500,000 baya sai zuriyarsa ta koma Arvicola, mai haƙora marasa saiwa da ke ta tsiro har mutuwa, abin da ya dace da mai cin ciyawa mai kaushi. Bayan nan ma kaurin farin ɓawon haƙorin ya ci gaba da sauyawa sannu a hankali, ana iya aunawa. A Boxgrove da ke kudancin Ingila, inda aka sami ƙashin ƙaurin mutum a 1993, Arvicola ne a ƙasar, kuma an sa shekarun wurin a wajen 500,000. A Pakefield da ke gaɓar gabashin Ingila, inda aka sami duwatsun da mutum ya fasa, Mimomys ne, wurin ya girmi Boxgrove, an ƙiyasta shi a wajen shekaru 700,000. Haƙorin ɓera na cikin abin da ya tura tarihin zuwan mutum Birtaniya baya da shekaru 200,000.

Jerin sunayen dabbobi abu ɗaya ne. Ina ake samo digiri?

Tsintsiya ɗaya ba ta shara. A ɗauki jinsin ƙwaro guda, a duba taswirar duk inda yake rayuwa yau, a ɗauko bayanan tashoshin auna yanayi na waɗannan wurare, a fitar da iyakar zafin bazara da sanyin hunturun da yake iya ɗauka. A yi wa na biyu haka, da na uku, har a gama duk waɗanda aka samu a hawa ɗaya. Tunda tare suka rayu, yanayin wurin dole ya faɗa inda iyakokinsu duka suka haɗu. Misali, in wani yana rayuwa inda watan da ya fi zafi ke tsakanin digiri 8 da 14, wani kuma tsakanin 12 da 20, amsar tana tsakanin 12 da 14. Yawan jinsi, ƙarin matsewar amsa. Tim Atkinson da Keith Briffa da Russell Coope ne suka fitar da wannan hanya fili a 1987, da lissafin zafin Birtaniya na shekaru 22,000. Sun yi wata hikima: ƙwari masu farauta da masu cin mushe kaɗai suka sa a lissafi, suka bar masu cin ganye, domin mai cin ganye yana bin shukarsa ne, in shukar ba ta iso ba shi ma ba zai iso ba ko yanayi ya yi masa daidai.

Irin wannan lissafi Hugues-Alexandre Blain ya yi da kwaɗi da ƙadangaru da macizai na kogon Gran Dolina a Atapuerca, ya nuna cewa mutanen da suka zauna can fiye da shekaru 800,000 baya sun sami wuri mai ɗumi da danshi fiye da Burgos ta yau. A Happisburgh da ke Norfolk a Ingila kuwa, inda aka ga sawun ƙafar mutane a laka a 2013, ƙwari sun ba da bazara mai digiri 16 zuwa 18 da hunturu tsakanin sifili da 3 ƙasa da sifili, kamar kudancin Sikandinebiya a yau. Wannan ya ta da tambayar yadda mutanen da suka girmi shekaru 800,000 suka yi da irin wannan sanyi.

A lura, amsar kullum tazara ce, daga kaza zuwa kaza. Ta bazara takan matse, ta hunturu takan yi faɗi, domin ƙwaro yana ɓoye da hunturu, sanyin bai cika damunsa ba.

Akwai abin da ƙananan halittu suka gano wanda sauran hanyoyi suka kasa?

Akwai, kuma labarin Russell Coope ne na jami'ar Birmingham, wanda ya rasu a 2011. Kafin shi, ƙurar furen tsirrai da ke binne a laka ita ce abin dogaro. In an ga ta bishiyoyi an ce ɗumi, in ta ciyawa ce an ce sanyi. A lakar ƙarshen zamanin ƙanƙara a Birtaniya, Coope ya tarar da ƙwari masu son ɗumi a hawan da babu bishiya ko kaɗan. Lissafinsa ya nuna cewa wajen shekaru 14,700 baya, zafin bazara ya tashi daga kimanin digiri 10 zuwa 17 ko 18, kusan irin na yau, cikin ɗan lokaci ƙwarai. Masana tsirrai suka ƙi yarda. Amsarsa mai sauƙi ce: ƙwaro yana da fiffike, bishiya ba ta da ƙafa. Ɗumi ya zo, ƙwari suka iso cikin 'yan shekaru, daji kuwa sai da ya ɗauki ƙarnuka yana rarrafowa daga kudu, kuma kafin ya kankama yanayin ya fara sanyaya. Daga shekaru 12,900 zuwa 11,700 baya sanyi ya dawo da ƙarfi, ƙwarin ƙarshen arewa suka sake mamaye ƙasar. Da aka haƙo dogayen sandunan ƙanƙara a Girinlan farkon shekarun 1990, suka nuna irin wannan tsalle na gaggawa. Ƙwarin Coope sun riga su faɗa.

Shi ne kuma ya warware zancen wani buzuzu da ake yawan samu a ramukan tsakuwa na Ingila, a ƙasa mai shekaru wajen 40,000, wanda babu irinsa a Turai. A 1973 ya bayyana cewa Aphodius holdereri ne, yana nan da ransa a tsaunukan Tibet. Darasin da Coope ya ciro daga irin wannan shi ne, ƙwari ba su cika sauya halitta ba a duk zamanin ƙanƙara, har al'aurar namiji, wadda ita ce ma'aunin rarrabe jinsi, daidai take da ta na yau. In yanayi ya juya, ƙaura suke yi.

Wa ya tabbatar cewa abin da dabba ke so yau shi take so a da?

Babu mai rantsuwa a kan kowane jinsi, shi ya sa ba a dogara da guda. In jinsi 30 suka yarda a kan tazara ɗaya, da wuya a ce duk sun canja hali tare kuma ta fuska ɗaya.

Amma akwai matsala ta gaske. Tun ƙarni na 19 Alfred Nehring, Bajamushe, ya haƙo lemin na ƙasar ƙanƙara da kurege da ɓera mai tsalle na busassun filayen Asiya a Thiede da Westeregeln. Ya ɗauka bi da bi suka zo, kuma wani lokaci haka ne. Daga baya aka tabbatar cewa a wurare da yawa tare suka zauna, alhali yau dubban kilomitoci ne tsakaninsu. Ma'ana, an yi wani irin muhalli, fili mai sanyi, busasshe, mai yalwar ciyawa da rana, wanda yau babu kamarsa sak. A irin wannan hali iyakoki na iya ƙin haɗuwa. Ban da haka, taswirar yau ba yanayi kaɗai ya zana ta ba: noma da saran daji da teku da abokan gasa duk sun hana wasu dabbobi zama inda za su iya.

Binciken DNA ya ƙara wani abu. Da aka gwada ƙasusuwan lemin daga kogon Trou Al'Wesse a Beljiyam da wasu wurare, sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna cewa ba zuriya ɗaya ce ta zauna tun farko ba. Sau da dama suna ƙarewa ƙaf, wasu su zo daga wani wuri su maye gurbi. A ido haƙoran iri ɗaya ne.

Ta yaya ake sanin shekarun hawa?

Har zuwa wajen shekaru 50,000, gwajin kabon, wato auna wani irin kabon da ke raguwa a ƙashi sannu a hankali bayan mutuwa, ya wadatar, kuma injinan yanzu suna iya auna muƙamuƙin ɓera guda. Wannan yana da amfani, domin ƙaramin ƙashi yakan zurara ta ramin tsutsa ko tsagar ƙasa ya shiga hawan da ba nasa ba. Abin da ya girmi haka sai a koma ga auna ranar ƙarshe da yashi ya ga haske, ko sinadarin yuraniyom a dutsen da ruwa ke ɗigarwa a kogo, ko juyewar maganaɗisun duniya da ya faru wajen shekaru 780,000 baya, ko agogon haƙoran da aka ambata.

Na cikin ruwa fa?

A tafkuna akwai wani ƙuda mai kama da sauro amma ba ya cizo. Tsutsarsa a laka take girma, duk lokacin da ta yi saɓa sai ta bar ƙoƙon kanta, kuma ƙoƙon ba ya ruɓewa. An auna ɗaruruwan tafkuna na yau a Norwe da Suwizalan da Kanada, an san wane jinsi ke yawa a wane zafi. Da wannan ake karanta tsohuwar laka, kuskuren bai cika wuce digiri 1 zuwa 2 ba. A Whitrig Bog ta Sikotlan, Stephen Brooks da John Birks sun bi sauye-sauyen ƙarshen zamanin ƙanƙara da su daki-daki.

A teku kuwa foram ne sarki. In za a bi ƙa'ida ba dabba ba ce, halitta ce mai ƙwayar rai ɗaya, amma tana gina ɗan ɓawo kamar ƙwayar yashi, kuma babu burbushin da ya yi wa wannan ilimi hidima kamarta. Oksijin da ake aunawa a ruwa iri biyu ne, mai sauƙi da mai nauyi. Mai sauƙi ya fi saurin tashi tururi. In ya sauka ya daskare a tudu bai dawo ba, teku yakan rage da mai nauyi, foram kuma ta gina ɓawonta da shi. Cesare Emiliani ya fara wannan awo a 1955, Nicholas Shackleton ya nuna a 1967 cewa yawan ƙanƙarar duniya ne babban abin da ake gani a ciki. A 1976 Shackleton da James Hays da John Imbrie suka bi lakar kudancin tekun Indiya ta shekaru 450,000, suka tarar sanyi yana zuwa yana komawa a zagaye na kimanin shekaru 100,000 da 41,000 da 23,000, daidai da sauyin kewayen duniya da karkatarta da Milutin Milankovitch, ɗan Sabiya, ya lissafa da hannu shekaru da dama kafin nan.

Ƙashi da ɓawo kaɗai ake amfani da su?

Har da tarkacen gida, har da abin da ba a faɗa a gaban suruki. A hamadar kudu maso yammacin Amurka akwai wani ɓera mai tara-tara, Neotoma, da ke jido ganye da iri da ƙashi daga kewayen raminsa ya jibge, ya yi ta fitsari a kai. Fitsarin ya bushe ya zama kamar ƙaro, ya adana komai har shekaru 50,000. A 1961 Philip Wells da Clive Jorgensen suka fasa irin wannan curi a Nevada, suka ga rassan bishiyar junifa a inda yau sai ƙaya. A 1995 Felisa Smith da abokan aikinta suka auna kaurin kashin ɓeran, wanda ke bin girman jikinsa, suka ga yana ƙara girma lokacin sanyi, yana ƙanƙancewa lokacin ɗumi.

Rema, wanda wasu ke kira agwada, yana yin irin haka a duwatsun Namibiya da Afirka ta Kudu: wuri guda zuriya bayan zuriya ke fitsari, ya taru hawa-hawa, wani tarin ya kai shekaru 50,000. A Siberiya kuma, a gaɓar kogin Kolyma, an sami rumbun kurege daskare a ƙasa, kuma a 2012 masanan Rasha suka ba da rahoton tsirar da shuka mai fure daga 'ya'yan da ya ɓoye wajen shekaru 32,000 baya.

Ƙanƙara ba ta zo ƙasar Hausa ba. Ina ruwanmu?

Ƙanƙara ba ta zo ba, fari ya zo. Lokacin da arewa ta daskare, damina ta yi rauni a Afirka ta Yamma, Sahara ta matso kudu da ɗaruruwan kilomitoci, Tafkin Chadi ya kusa ƙafewa. Tsofaffin jigayin yashi da ake nomawa yau daga gabashin Kano zuwa Haɗeja da Yobe, iska ce ta tara su a irin waɗannan lokutan fari, A. T. Grove ya yi rubutu a kansu tun 1958. Bayan sanyin ya wuce, ruwa ya dawo har tafkin ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 350,000, tudun yashin da ya ratsa Maiduguri da Bama tsohuwar gaɓarsa ce. Hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, da yawansa ɓawon ƙananan tsirran ruwa ne da suka rayu a wancan tafki.

An gwada hanyar ƙananan halittu a yankin, ko da yake a kan lokacin da ya biyo bayan ƙanƙara. A dausayin Kajemarum da ke ƙasar Manga a arewacin Yobe, Jonathan Holmes da Alayne Street-Perrott da abokan aikinsu sun haƙo laka ta shekaru 5,500, suka auna ɓawon ostarakod, wani ɗan mitsitsin dangin jatan lande mai ƙoƙo biyu, wanda sinadaran ɓawonsa ke nuna gishirin ruwa. Sun ga fari masu tsawon gomman shekaru, wasu sun fi na shekarun 1970 da 1980 daɗewa. A Afirka ta Kudu kuwa Margaret Avery ta yi shekaru tana karanta aman mujiya na da a koguna irin su Boomplaas da Wonderwerk.

Mutum zai iya ganin wannan da idonsa ba tare da ɗakin gwaji ba?

Matakin farko, ƙwarai. Nemi inda farar mujiya ke kwana: silin tsohon aji, kangon gini, kogon kuka. A ƙasa za ka ga curi baƙi ko toka-toka kamar babban yatsa. Sa safar hannu, jiƙa shi a ruwa cikin murfin gwangwani, ka warware gashin da tsinke. Muƙamuƙin ɓera yana da dogon haƙori ɗaya a gaba, sai giɓi, sai haƙoran tauna uku. Na jaɓa babu giɓi, haƙoran a jere suke masu tsini kamar zarto, domin ƙwari take ci. Ƙirga muƙamuƙan hagu kaɗai, ka san adadin dabbobin. Rubuta rana da wuri, ka ajiye a ambulan, ka wanke hannu da sabulu. In ka tara na damina daban, na rani daban, ka zuba su gefe da gefe a kan farar takarda ka ƙirga.